Yadda na riƙe biron rubuta sunayen masu karɓar tallafi a unguwarmu

Ni dai har yau in na ji an ce a rediyo za a raba kayan tallafi sai gabana ya faɗi, saboda na taɓa riƙe biron rubuta sunaye sau ɗaya tak kuma wallahi ban ƙara marmari ba. Bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Kowa ya san abin da ya faru ranar 29 ga Mayun 2023, Tinubu na gama shan rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi, kafin gari ya waye gidajen mai sun ja ƙofa, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa Yuli ta wuce 600. Ana cikin wannan kuma sojoji suka yi juyin mulki a Nijar aka garƙame boda, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ni malamin makaranta ne, irin firamaren kuɗin nan ta cikin lungu a nan Kano, albashina a lokacin dubu 28, mata ɗaya yara huɗu, ga mahaifiyata a ɗakin ƙofa. Babur ɗina tun a watan Yuni na jingine shi a soro na koma zuwa aiki a sayyada.

To cikin watan Agusta sai aka ji gwamnan Borno Zulum ya fito bayan taron majalisar tattalin arziki ya ce gwamnatin tarayya ta amince a ba kowace jiha naira biliyan 5 da tirela biyar ta shinkafa. Ranar a teburin mai shayi ba ka jin komai sai biliyan biyar biliyan biyar. Akwai wani abokina da yake lodi a kasuwar Singa, shi ne ya ajiye kofinsa ya ce ku tsaya, tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka na kilo 50, biyar kenan buhu dubu uku, Kano ƙananan hukumomi 44 ne mazaɓu 484, to ku raba mu gani. Na ciro waya na danna, ya ba ni buhu shida da 'yan kai a kowace mazaɓa. Aka yi tsit. Sai wani ya ce ai an ce jiha za ta sayo ƙari da kuɗin da aka ba ta, kuma gaskiya ne haka aka ce, amma tun daga daren nan na san abin ba zai kai inda mutane suka hango ba. Daga baya ma muka ji ashe biliyan biyu aka fara saki ba biyar ɗin ba.

Bayan kamar sati biyu, muna idar da sallar isha'i yaron mai unguwa ya taɓa ni ya ce Baba na kira. Na tarar da zaure a cike, ga liman, ga shugaban matasa, ga wani ɗan siyasa na mazaɓarmu ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana ta amsa waya, ga kuma wasu dattawa uku. Mai unguwa ya ce, “Malam, kai muka zaɓa, rubutunka ya fi na kowa kyau kuma ba ka cikin kowace jam'iyya, kai za ka rubuta mana sunaye.” Na ce ranka ya daɗe a dai duba wani. Ya ce an riga an gama magana. Ka san irin wannan, in dattawa suka ce an yaba da hankalinka to kaya ne za a ɗora maka.

Aka miƙo min fom, fotokwafi ne har ya fara dishi-dishi, layi-layi: suna, lambar waya, lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, sai wani gurbi da za ka rubuta ko mutum tsoho ne, ko mai lalura, ko matar da mijinta ya rasu, ko mai riƙon marayu. Gurbi 60 aka ba unguwarmu. Unguwar da ƙofar gida kaɗai ta fi 400, kuma wani gidan in ka shiga magidanci shida ne a ciki kowa da tukunyarsa. Ban gama jinjina sittin ɗin ba ma sai mai amsa wayar nan ya ce af, 15 a ciki an riga an cike su daga sama, a bar layukan farko a buɗe. Liman ya ce daga sama ina? Ya ce Allah gafarta malam sama dai. Babu wanda ya ƙara magana, ni ma ban ƙara ba, kuma wannan shirun nawa yana cikin abin da yake damuna har yanzu. Saura 45.

Daren nan sai da muka kai ƙarfe sha ɗaya ana ja-in-ja a kan su wa za a fara sawa. Liman ya ce marayu, shugaban matasa ya ce ai matasan ma ba su da aikin yi kuma su suka sha rana a layin zaɓe, wani dattijo ya ce a bi layi-layi kowane lungu a ɗau mutum biyar kowa ya huta. A ƙarshe aka tsaya a kan in zagaya da kaina in gani da idona, in kawo sunaye a tace.

Na sayi littafi mai ganye 40 na fara yawo bayan la'asar in na taso daga makaranta. Matsala ta farko ba zan iya shiga gidajen matan aure ba, don haka sai na roƙi maiɗakina ta riƙa bina, ni ina tsaye a soro ita tana ciki, ta fito ta faɗa min abin da ta gani in rubuta. Gaskiya ba don ita ba da shirme zan rubuto, domin abin da namiji yake faɗa maka a ƙofar gida daban, abin da yake cikin madafi daban. Akwai wanda ya tare ni yana rantse-rantse kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ta shiga ta tarar ana tuƙa tuwo har da miyar kuka da man shanu. Akwai kuma akasin haka, kuma su suka fi yawa.

Wanda ba zan manta ba wani dattijo ne a lungun bayan masallaci, tsohon ma'aikacin masaƙa ne tun lokacin da masaƙun Kano suke aiki, kullum yana sahun farko, kayansa tsofaffi ne amma a goge tsaf, hularsa a kafe. Na yi sallama ya fito, na yi masa bayani, ya yi murmushi ya ce, “Allah ya yi maka albarka Malam, sa waɗanda suka fi mu buƙata, mu alhamdulillahi.” Har na juya. Maiɗakina da ta fito ba ta ce min komai ba sai da muka sha kwana, sannan ta ce Malam ka rubuta gidan nan. Ta ce murhunsu ta taɓa tokar sanyi ƙalau, har kaza ta yi wurin kwanciya a ciki, jikoki uku suna zaune da kwano ɗaya na kwaɗon rama da ɗan ƙuli-ƙuli, kuma uwargidan ta riƙe mata hannu ta ce don Allah kar Malam ya ji na faɗa, tun shekaranjiya rabonmu da abin da ya hau wuta. Na tsaya a bakin kwata na rubuta sunan matar, na sa lambar wayar 'yarsu, ban gaya masa ba.

Cikin kwana biyar littafina ya cika da suna 212, duk kuma babu wanda za ka kalla ka ce bai cancanta ba. Daga nan aka shiga tankaɗe da rairaya. Abin da ya fara zubar da mutane ba mu ba ne, NIN ne. Tsofaffin nan da aka ce don su ake yi yawancinsu ba su da ita, wata ta yi rajista amma takardar ta ɓata, wata gara ta cinye rabin lambar, wata ta ɗauko min katin zaɓe a ƙulle cikin leda uku ta ce ga shi ɗan nan ai duk ɗaya ne. Wanda ya yi rajista da layinsa sai mu danna *346# a cire naira 20 lambar ta fito, to amma sai da layin da aka yi rajistar da shi, kuma rabinsu layin na wani jika ne da ya tafi Legas ko Abuja neman kuɗi, ko an sace wayar tun bara. Kuɗin katina na ƙarar ina sa wa mutane naira ɗari-ɗari don a samu ashirin ɗin da za a cira. Wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Goggo, makauniya ce, jikarta ke mata jagora, sai da na biya mata kuɗin adaidaita sahu zuwa shagon masu kwamfuta har sau biyu, ranar farko ba netwok, rana ta biyu aka samu.

Sai maganar kaina. Mahaifiyata ta haura saba'in, mahaifinmu ya rasu shekara tara, duk sharaɗin da ke jikin fom ɗin nan ta cika shi. Na kwana biyu ina juya abin. Maiɗakina ta ce kai dai ka zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ka ƙarar da takalminka ka ƙarar da katinka sannan Hajiya ba za ta samu ko kwano ɗaya ba? Na je na samu liman na faɗa masa, ya ce in dai ba don tana mahaifiyarka ba za ka sa ta? Na ce zan sa. Ya ce to sa ta. Na sa ta a lamba ta 45, ta ƙarshe, ba zan ɓoye ba.

Muka kai fom ofis, wani yaro ya karɓa ya jefa kan tulin wasu ko kallona bai yi ba, ya ce za a neme ku. Shi ke nan fa. Sati ɗaya, biyu, wata guda shiru. A nan na gane kurena. Duk wanda na rubuta yana ganin kayan sun zo na danne, duk wanda ban rubuta ba yana ganin na sayar da gurbinsa. In na fito da safe mata na leƙowa ta katanga, Malam ya labari? In na shiga masallaci ana gama sallama wani zai matso. Har ɗalibaina, wata yarinya 'yar aji uku ta ɗaga hannu ana tsakiyar darasin lissafi na ɗauka tambaya za ta yi, ta ce Malam wai in ji babarmu yaushe za a ba da shinkafar. Ranar da maiɗakina ta dafa 'yar shinkafa da wake da muka ciyo bashi a shago, almajirin da ya zo bara ya fita ya ba da labari, kafin magariba magana ta zaga cewa an ga shinkafar gwamnati a gidan Malam.

Ban ga laifin mutane sosai ba fa. Kowa yana tune da watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwan aka ga kayan tallafin korona jibge har rufi alhali an gama kulle mutane sun sha yunwa a gida. Wanda ya ga bidiyon abin da idonsa, in ka ce masa kaya ba su iso ba sai ya yi maka kallon kai ma da kai aka haɗa baki.

Wata ranar Laraba da daddare aka kira mai unguwa aka ce a zo a karɓi kati, rabo gobe. Muka je muka karɓo, ƙananan katuna ne masu hatimi, da lis ɗin da aka buga a kwamfuta. Na zauna a ƙarƙashin fitilar mai shayi ina gwada shi da littafina. Cikin 45 ɗin da na kai, 37 ne suka fito. Takwas sun ɓace an sa wasu sunaye da ko a mafarki ban taɓa jin su a unguwarmu ba. Wasu kuma mai bugawa ya yi musu aika-aika, Hassana ta koma Hassan, lambar waya ta rasa ɗaya. Na duba ƙasa, lamba ta 45 ba sunan Hajiyata. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, zagin na sha, shinkafar ko ƙwaya. Na duba sunan Goggo yana nan, na matar dattijon nan ma yana nan, na ce to alhamdulillahi.

Takwas ɗin nan ni na bi su gida-gida a daren na faɗa musu, don ban so su je su sha rana a banza. Wata ta ce ba komai ɗan nan rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wani kuwa, maƙocina ne ma katanga ɗaya, ya ce Allah ya isa tsakanina da kai, kuma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

An ce ƙarfe takwas a wata makarantar firamare ta gwamnati, duk mazaɓar a wuri ɗaya. Ni da na isa bayan sallar asuba na tarar layin mata ya zagaye katanga ya dawo, don labari ya riga ya bazu, masu kati da marasa kati duk sun fito, kowa na cewa ko Allah zai sa a dace. Mota ba ta zo ba sai wajen sha ɗaya. Da ta zo ma ba a fara ba, wai sai manyan baƙi sun iso. Aka kafa rumfa aka jera kujeru aka ɗaura bana mai hotuna, aka tsara buhuna a gaba kamar za a yi musu hoton aure. Rana ta take, babu ruwa sai masu fiya wata da suka ninka kuɗi, tsofaffi suna zazzaune a ƙasa sun lulluɓe kai da hijabi. Wajen ƙarfe ɗaya baƙi suka zo, jawabi, jawabi, jawabi, sannan aka zaɓo mutum biyar aka miƙa musu ana ɗauka a waya, aka ce wata tsohuwa ta ɗaga buhun ta yi murmushi, buhun ya fi ƙarfinta sai da wani ya tallafa mata ta baya inda kyamara ba za ta gan shi ba. Suna shiga mota suka tafi, sai aka bar mu da jama'a.

Abin da kowane kati zai karɓa shi ne ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 10 da na masara shi ma kilo 10. Da farko abin ya tafi daidai, ana kiran suna ta lasifika mutum ya miƙa kati ya dangwala yatsa ya ɗauka ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ni aikina in tsaya in ce e wannan 'yar unguwarmu ce, kuma ni na yi ta rantsuwa a kan Hassanar nan da aka mayar namiji har aka ba ta. Can wajen la'asar sai wani ya yi ihu daga baya wai kaya sun kusa ƙarewa. Ban san wanda ya faɗa ba, amma abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Get ɗin ƙarfe ne amma na ga yana lanƙwasowa ciki kamar kwali, mata na salati, yara na kuka a bayan iyayensu, 'yan sanda da 'yan sa-kai suka fara ɗaga bulala, ni kuma ba abin da nake nema sai Goggo. Na hango jikarta ta rungume ta a jikin katanga, na kutsa na janyo su ta tagar wani aji da ba ƙyaure, a nan aljihun rigata ya tafi gaba ɗaya har da biron. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, mace biyu ne suka suma aka yayyafa musu ruwa. Da aka watse na tsaya ina kallon bakin get, silifas ne birjik a ƙasa, wari-wari, manya da ƙanana, sun fi ɗari, wani yaro yana bi yana tsincewa a buhu.

Bayan wata biyar da na ji labarin mutum bakwai da suka mutu a Legas wajen sayen shinkafar kwastam mai kilo 25 a dubu 10, cikin Fabrairun 2024, sannan a watan Maris ɗalibai mata biyu a jami'ar Keffi wajen rabon shinkafa, ban tambayi kowa yadda aka yi ba, get ɗin nan kawai na tuna.

Wani abu da na gani a wajen makarantar ya ba ni haushi a lokacin. 'Yan kasuwa ne tsaye da kuɗi a hannu da baro, kana fitowa za su tare ka, Hajiya za a sayar? Kuma ana sayarwa. Na ga wata da na sha wahala a kan sunanta, mai marayu biyar, ta miƙa shinkafar ta karɓi dubu shida da ɗari biyar. Na ce haba baiwar Allah, duk wahalar nan? Ta ce, “Malam, shinkafar nan kwano huɗu ce, in na dafa yaran nan kwana uku za su tashi da ita don sun yi kewarta. Kuɗin nan kuwa masara kwano shida zai saya min har da canjin niƙa, in haɗa da wadda aka ba ni mu yi sati biyu muna tuwo, wanne ya fi?” Na rasa abin cewa. Ni da nake koyar da lissafi ita ta koya min ranar.

Kuma haka lissafin yake. Kwanon awo na Kano kusan kilo biyu da rabi ne, kilo 10 kwano huɗu kenan in mai awo ba mugu ba ne. Gidan da ke da mutum takwas ko tara kwano guda suke dafawa a rana in sun ja hannu. Masarar ta fi auki, amma sai ka kai surfe ka kai niƙa, ga itace ko gawayi, ga kayan miya, babu ko ɗaya a cikin buhun. Goggo kuwa nata ko kwana biyu bai yi ba, gidan haya take mai ɗaki bakwai kuma ita kaɗai ta samu, to ta yaya za ta dafa sauran suna jin ƙamshi, su da suke zuba mata in sun dafa? Ta sa jikarta ta auna da gwangwanin madara ta bi ɗaki-ɗaki. Ni ma mai unguwa ya aiko min da kwano biyu wai ladan wahala, ban tambayi daga ina ya fito ba, na karɓa, Hajiya ta ci.

Amma kar in yi ƙarya in ce bai yi amfani ba. Satin nan unguwa ta canza. Injin niƙa da yake tashi tun azahar sai da ya kai dare yana ruri. Mai shagon lungunmu ya ce min kwana biyar ba wanda ya zo masa da maganar a ba ni gari kwano ɗaya zuwa jibi, har wasu sun rage tsohon bashi. A ajina akwai yara biyu 'yan gida ɗaya da kullum ƙarfe goma na yi za su kife kai a benci, da ina yi musu faɗa na ɗauka kallo suke kwana yi, satin nan idonsu biyu har aka tashi, ƙaramin har da tsokanar na kusa da shi. Daga nan ban ƙara ɗaga murya a kan yaron da ya yi barci a aji ba. Sati na zagayowa suka koma kifewa.

Farashi kuwa ko gezau. Kaka ta ɗan sauko da masara da gero na 'yan makonni, daga nan abin ya ɗau hanya, zuwa Fabrairu buhun shinkafa ya haura dubu 70, mutane suka koma afafata, wannan ɓarzajjiyar da injin gyaran shinkafa ke warewa wadda da kifi ake ba wa, ka wanke ta sau biyar ka tsince tsakuwa har ka gaji. A gidana ma an ci, ba sau ɗaya ba.

Ana cikin haka sai ga maganar kuɗi. Da ma tun Yuli an ce dubu takwas-takwas za a ba gida miliyan 12, mutane suka yi ca aka janye, sai a watan Oktoba aka ƙaddamar da dubu 25 duk wata har wata uku ga gida miliyan 15. Nan fa aka sake yo kaina, kowa da takardar BVN ta banki a hannu. Na yi bayani har muryata ta dishe cewa wannan ba lis ɗina ba ne, daga rajistar talakawa ta ƙasa ake ɗauka wadda aka haɗa tun zamanin Buhari, ni ko ganinta ban taɓa yi ba. Wa zai yarda? A duk lungunmu mace ɗaya na sani da alat ya shigo mata, sau ɗaya, ta kawo min wayar in karanta mata don ta ɗauka 'yan damfara ne, mai POS ya cire nasa ta sayi masara da maganin hawan jini. Watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu aka tsayar da shirin, amma tsofaffin nan ba su daina kawo min waya ba, duk saƙon da ya shigo ko na tallan kamfanin layi ne sai a aiko jika da gudu, Malam duba ko shi ne.

Da azumi ya matso aka fara raɗe-raɗin za a sake rabo, na je na samu mai unguwa na ce ranka ya daɗe a yafe min, a nemi wani. Ya yi ta lallashi na ƙi. Aka ba wani yaro mai shagon cajin waya.

Cikin goman tsakiya, an idar da tarawi ina neman takalmina, sai na ji an dafa kafaɗata. Dattijon nan ne na bayan masallaci. Tun ranar rabo bai taɓa ɗaga min maganar ba, ni ma ban taɓa ba, 'yarsa ce ta je ta karɓo da niƙabi, ban ma san ko ya san ni na sa su ba. Ya ja ni gefe inda hasken fitila bai kai ba, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa, amma tana nan a goge. Ya daɗe yana gyara hula kafin ya ce, “Malam, littafin nan naka yana nan?” Na ce yana nan Baba. Ya ce, “To in an sake, ka sa sunana. Nawa, ba na iyali ba, ni zan je da kaina.”

Na kasa ce masa na ajiye aikin. Na ce to Baba in sha Allahu. Da na koma gida na ɗauko littafin a ƙarƙashin katifa, na ari biron ɗiyata na rubuta shi a lamba ta 213, washegari da sassafe na tafi shagon cajin waya.